Kwatancen Mutum a Harshen Sifaniyanci: Abin da Bakano Ya Riga Ya Sani

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro, da ya ga dacewar a tsayar da ni a gabanku, alhali kuwa ga manya nan zaune waɗanda suka fi ni ilmi da shekaru. An umurce ni ne in yi magana a kan wani abu da na koya bayan barin makaranta, wanda nake ganin zai amfani 'yan'uwa. Abin da na zaɓa shi ne kalmomin da ake kwatanta kamannin mutum da su a harshen Sifaniyanci. Na san akwai masu cewa a zuci, ina ruwan biri da gada? To, ina roƙon a yi mini haƙuri na 'yan mintoci. Abu biyu nake so in tabbatar: na ɗaya, Bahaushe ya fi mai jin Ingilishi kusa da ginin wannan harshe, saboda haka daga Hausa ya kamata ya koye shi kai tsaye, na biyu, kwatancen mutum ba ya fassaruwa kalma da kalma, kuma rashin sanin haka yana iya sa a ɓatar da mutum ko a ɓata masa rai.

Me Ya Haɗa Mu da Su?

Tun kafin a haifi kakanninmu akwai zumunci tsakanin wannan birni da ƙasar da Larabawa suka kira Andalus, watau Sifaniya ta yau. Musulmi sun shige ta a shekarar 711, mulkinsu na ƙarshe kuma ya faɗi a birnin Garnaɗa a 1492, lokacin Muhammadu Rumfa yana sarautar Kano. Littattafan da ake karantawa a zaurukan Madabo da sauran unguwannin cikin ganuwa, da yawansu mutanen can ne suka wallafa su. Mai Ishiriniya, Alfazazi, haifaffen Ƙurɗuba ne. Mai Alfiyya, Ibn Malik, haifaffen Jayyan ne. Mai Ashafa, Alƙali Iyal, mutumin Sabta ne, ya kuma yi alƙalanci a Garnaɗa. Haka nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, haifaffen Garnaɗa ne, kuma a littafinsa da aka buga a 1550 ya ba da labarin Kano da Katsina da Zazzau.

Wannan zama ya bar kalmomin Larabci masu yawa a bakin mutanen Sifaniya, irin waɗanda mu ma muka aro. Muna cewa alƙali, su kuma suna kiran magajin gari alcalde, duk daga tushe ɗaya. Muna cewa sukari, suna cewa azúcar. Muna cewa zaitun, suna cewa aceituna. Muna cewa hatta, suna cewa hasta.

A wannan zamani kuwa, fata ce ta haɗa mu. Kirgin da ake jemewa a masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai, Italiya da Sifaniya ne manyan masu sayensa, kuma a can akwai garuruwa irin su Elche da suka shahara da ɗinkin takalma, da Ubrique da ta shahara da jakunkuna. Ni ma'aikaci ne a wata ma'aikata da ke hulɗa da 'yan kasuwa, kuma yawan zuwan baƙi masu sayen fata shi ya sa na fara koyon harshen da daddare, bayan an tashi daga ofis. Ban da haka, harshe ne na hukuma a ƙasashe 20, mutum kusan miliyan 500 ne aka haifa a cikinsa, kuma ɗaya daga cikin ƙasashen nan maƙwabciyarmu ce, watau Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami 'yancin kai a 1968. Dubban 'yan Nijeriya sun yi ƙwadago a gonakin koko na tsibirin Fernando Po, da ake yi wa laƙabi da Panya, har zuwa 1975 da 1976 lokacin da aka kwaso su zuwa gida, kuma Hausawa fatake sun daɗe da zama a birnin Malabo. Samarinmu kuwa, ba sai na faɗa muku yadda suke cika gidajen kallon ƙwallo ran da Real Madrid za ta kara da Barcelona ba.

Inda Hausa Ta Share Mana Hanya

Malamanmu na Hausa da ke zaune a nan sun koya mana jinsi da adadi. Muna cewa dogo, doguwa, dogaye. Mai jin Ingilishi kalma ɗaya yake da ita ga namiji da mace da jam'i, shi ya sa yakan sha wuya idan ya zo koyon Sifaniyanci. Mu kuwa abin gida ne. Dogo shi ne alto, doguwa alta, dogaye altos idan maza ne, altas idan mata ne zalla. Gajere bajo, gajeriya baja. Siriri delgado, siririya delgada. Mai ƙiba gordo, mace gorda. Kyakkyawan namiji guapo, kyakkyawar mace guapa. Galibi wasalin o na namiji ne, wasalin a na mace, kamar yadda yawancin sunayen mata a Hausa ke ƙarewa da a. Akwai 'yan kalmomin da ba su sauyawa, alal misali joven, wadda ke nufin saurayi ko budurwa. Siffa kuma takan biyo bayan suna, a ce un hombre alto, daidai da yadda mukan ce wani mutum dogo.

Na biyu, shekaru. Mu ba mu cewa mutum shekara talatin ne, cewa muke yana da shekara talatin. Haka su ma suke faɗa, kalma da kalma: tiene treinta años. Wannan aikatau na tener, watau mallaka, shi ake amfani da shi ga duk abin da mu za mu ce mutum yana da shi. Yana da gemu, tiene barba. Yana da gashin baki, tiene bigote. Yana da furfura, tiene canas. Yana da manyan idanu, tiene los ojos grandes. Inda kuma muke cewa mai gemu, su sukan ce con barba.

Na uku, kuma wannan shi ne inda ɗalibai suka fi tuntuɓe a duniya baki ɗaya. Sifaniyanci yana da aikatau biyu, ser da estar, waɗanda Ingilishi ya haɗe su wuri guda. Na farko na halitta ne da ɗabi'a mai ɗorewa, na biyu na halin da mutum ya shiga ne. Mai koyo ta hanyar Ingilishi sai ya yi ta haddar dokoki. Bahaushe kuwa tambayar kansa kawai zai yi: siriri ne, ko ramewa ya yi? Idan siriri ne, haka Allah ya yi shi, es delgado. Idan ramewa ya yi, ciwo ko wahala ta taɓa shi, está delgado. Idan mai ƙiba ne tun asali, es gordo. Idan ƙiba ya yi bayan aure ko bayan ƙarin girma a ofis, kamar wasu 'yan ajinmu da nake hange a sahun gaba, está gordo. Duk inda Hausa ta sa ne ko ce, a sa es. Duk inda ta ce ya yi kaza, a sa está. Ban ce wannan ma'auni ya game kowace jimla ta harshen ba, amma a fagen kwatancen jiki da wuya ya ba mutum kunya.

Na huɗu, sutura. Abin da muke cewa sanye da, su aikatau llevar suke sawa. Yana sanye da tabarau, lleva gafas. Yana sanye da hula, lleva gorro. Tana sanye da mayafi, lleva velo.

Ko wajen furuci ma mun ci riba. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta su haka ake faɗarsu, kamar a bokon Hausa. Harafin j nasu shi ne harafin kha na Larabci da muka koya a makarantar allo, saboda haka bajo da ojos ba za su gagare mu ba. Harafin h ba a furta shi. Harafin v da b sauti ɗaya ne, sai a ce kalbo ga calvo, watau mai sanƙo. Kaɗa harshe wajen faɗar r mai nauyi, wanda ke wahalar da Ingilishi da Faransawa, mu tun muna yara muke yinsa. Abu ɗaya kawai Bakano zai yi hattara da shi, watau tsohuwar rigimarmu da p da f. Gashi shi ne pelo, fata kuma piel, dole a rufe leɓɓa sosai kafin a sake su.

Inda Ido Ya Bambanta

Yanzu sai in juya ga batu na biyu. Kowace al'umma tana ƙirƙirar kalmomi ne a inda mutanenta suka bambanta. Mu a nan gashinmu iri ɗaya ne, idanunmu kusan iri ɗaya ne, maza na rufe kai da hula, mata da ɗankwali. Saboda haka muka zuba basirarmu a kan launin fata da tsage da haƙora. Muna da fari, da ja, da wankan tarwaɗa, da baƙi, da baƙi wuluk. Muna da bille, da kalangu, da zube, da 'yar baka, da fashin goshi. Muna da wushirya da giɓi. Su kuwa a kan gashi da ido suka zuba tasu. Suna da rubio ga mai gashi ruwan zinariya, castaño ga mai ruwan ƙasa, pelirrojo ga mai jan gashi, liso ga gashi mai santsi, rizado ga mai murɗe. Ido kuma akwai azules shuɗɗa, verdes koraye, marrones ruwan ƙasa. Duk waɗannan mu da kalma ɗaya muke sallamarsu, mu ce idon mage.

Ga misalin abin da wannan bambanci ke haifarwa. Wata rana wani baƙo mai sayen fata zai sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, aka tura direba ya ɗauko shi, ba a kuwa ba shi allo mai suna ba. Wani jami'i da ya ɗan fara koyon harshen ya aika wa baƙon saƙo cewa wanda zai tarye shi es alto y blanco, watau dogo ne fari. A Hausa gaskiya ya faɗa, domin direban Bafillace ne fari sol. Amma a kunnen baƙon, blanco Bature ne ba wani ba. Ya fito ya tsaya yana ta raba ido yana neman ɗan'uwansa Bature, direba kuwa yana tsaye taku kaɗan daga gare shi, har kusan sa'a guda, sai da aka yi waya ofis sa'an nan suka gane juna. Abin da ya dace a ce shi ne de piel clara, mai hasken fata. Wanda ya fi duhu kuma de piel oscura. Akwai kuma kalmar moreno, wadda ke da faɗi ƙwarai: tana iya nufin Bature mai baƙin gashi, ko wanda rana ta dafa, ko baƙar fata irinmu. Saboda haka ita kaɗai ba ta isa kwatance ba.

Haka kuma abin da yake yabo a nan yana iya zama zagi a can. Idan Bakano ya ce wa abokinsa, kai, ka yi ƙiba, murna yake taya shi, yana nufin ya sami kwanciyar hankali. Wanda ya ce wa baƙuwa estás gorda kuwa, ya gama ɓata cinikin ranar. Tsoho a harshensu viejo ne, amma kamar yadda mu muke sakayawa mu ce dattijo, su ma mayor suke cewa don girmamawa. Mummuna feo ne, na faɗe ta ne don a gane ta idan an ji, ba don a yi aiki da ita ba.

Kalmar da ta fi kowace buƙatar hattara ita ce negro. Asalinta sunan launi ne kawai, baƙin takalmi ma haka ake kiransa, kuma a wasu ƙasashen Kudancin Amurka aboki kan kira abokinsa da ita don wasa. Amma masu kallon ƙwallo za su tuna cewa a 2011 hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da Luis Suárez, ɗan ƙasar Yurugwai, wasa takwas saboda ya jefi Patrice Evra da ita a fili. A 2024 kuma wata kotu a Valencia ta yanke wa mutum uku ɗaurin wata takwas saboda cin mutuncin Vinícius Júnior kan launin fatarsa. Darasin shi ne, kalma ɗaya tana iya zama kwatance, tana iya zama wasa, tana iya zama wulaƙanci, ya danganta da bakin da ta fito da kuma niyyar mai faɗa. Ɗanmu da zai je can ya kamata ya san bambancin, don kada ya yi faɗa a inda babu laifi, kada kuma ya yi dariya a inda ake zaginsa.

Wani abin sha'awa shi ne, su ma kamar mu, kwatance kan zame musu suna. Muna da Dogo da Jatau da Duna. Su kuma sunayen zuriya irin su Delgado, Moreno, Rubio, Blanco da Calvo, ma'anarsu siriri, mai duhu, mai gashin zinariya, fari da mai sanƙo. Kocin da ya ci wa Ajantina kofin duniya a 1978, César Luis Menotti, laƙabinsa El Flaco, watau ramamme. Messi kuwa La Pulga suke ce masa, watau ƙuma, saboda ƙanƙantarsa. Wanda ke son gwaji mai sauƙi, ya ɗauki Umar Sadiq, ɗan Kaduna da ya koma Almería a 2020, ya ce es alto y delgado, ya gama jimlarsa ta farko.

Ranar Cigiya

Ya ku iyayena da 'yan'uwana, da a ce amfanin waɗannan kalmomi ya tsaya ga taryar baƙi da hirar ƙwallo, da ban ɗauki lokacinku ba. Akwai ranar da kwatance yake zama shi ne abin da ya rage wa iyali. Dukkanmu mun tashi muna jin cigiya a rediyo, ana cewa yaro ɗan kimanin shekara kaza, wankan tarwaɗa, mai bille a kumatun hagu, sanye da riga kaza. Wanda ya tsara cigiya ya san aikinsa: shekaru, tsawo, launi, alama, sa'an nan tufafi.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa hanyar da matasan Afirka ta Yamma ke bi zuwa Turai ta ƙasa, wani reshenta ta nan Kano yake ratsawa zuwa Agadas, daga nan wasu su nufi Libiya, wasu Aljeriya da Maroko. Garin nan na Sabta, mahaifar mai Ashafa, a yau Ceuta ake kiransa, yana hannun Sifaniya, an kewaye shi da shingen waya, shi da Melilla. A ranar 24 ga Yuni, 2022, mutum aƙalla 23 suka mutu a shingen Melilla. A 2024 sama da mutum 46,000 suka isa tsibiran Kanari a cikin kwale-kwale, ban da waɗanda teku ta ci. A maƙabartun garuruwan gaɓar teku akwai kaburburan da ba su da suna, sai lamba da kwanan wata. Yawancin masu wannan tafiya ba su riƙe da takarda, wasu ma sukan sauya suna. Ƙungiyar Red Cross tana da sashen neman waɗanda suka ɓace da sada iyalai, kuma abin da takan tambayi dangi shi ne ainihin abin da mai cigiya ke faɗa: tsawonsa, tabon jikinsa, yanayin haƙoransa.

A irin wannan rana, fari ko wankan tarwaɗa ba su da amfani sosai, domin idon jami'in can ba ya rarrabe su yadda namu yake yi. Tufafi sukan sauya, ƙiba takan zube a hamada, gemu yakan tsiro. Abin da ke ɗorewa shi ne alama. Tabo shi ne cicatriz. Tsagar gado marcas en la cara. Tawadar Allah lunar. Wushirya dientes separados. Kumatu mejilla, goshi frente, dama derecha, hagu izquierda. Tsawo kuma da mita suke aunawa, ba da ƙafa ba, a ce mide un metro ochenta, watau tsawonsa mita ɗaya da santimita 80. Ga yadda cigiya za ta kasance: Mi hermano menor tiene veinticinco años. Es alto y delgado, de piel oscura. Tiene los dientes separados y una cicatriz en la mejilla izquierda. Ma'ana, ƙanena yana da shekara 25, dogo ne siriri, baƙi, yana da wushirya da tabo a kumatun hagu. Jimla uku ke nan, kalmomin ba su kai talatin ba, amma suna iya zama sanadin a gane wanda ke kwance a asibiti ba ya iya magana, ko uwa ta san inda aka binne ɗanta ta daina jiran ƙarar waya.

Shawara ga Ƙungiya

Ina da shawarwari uku. Na ɗaya, duk wanda ke da ɗa ko ƙane da ya yi nisan tafiya, ta kowace hanya ya tafi, ya ajiye hotonsa na kwanan nan, ya kuma rubuta kwatancensa a takarda tun ana lafiya, da Hausa ma ya wadatar, fassara ba za ta gagara ba. Na biyu, mu da muke hulɗa da matasa mu gaya musu gaskiyar abin da ke kan wannan hanya, mu nuna musu cewa wanda ya iya harshe yana iya cin abincinsa da shi a nan gida, tsakanin majemi da mai saye, ba tare da ya hau shinge ba. Na uku, idan hukumar makaranta ta amince ta ba mu aji ɗaya ranar Asabar da safe, ni na ɗauki alkawarin koyar da abin da na sani kyauta, ga ɗalibai da tsofaffin ɗalibai, kuma da Hausa za a yi darasin. Yayyenmu masu furfura kada su ce lokaci ya wuce, gemu ba ya hana ilmi.

Daga ƙarshe ina sake godiya ga malamanmu, musamman waɗanda suka dage sai mun san nahawun harshenmu a lokacin da muke ganin ba shi da kasuwa. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu, waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. Matafiyanmu kuma Allah ya tsare su, ya dawo mana da su lafiya. Allah ya ɗaukaka makarantarmu, ya ƙara haɗa kanmu.